Yadda za ka haɗa TLS a Python ba tare da verify=False ba

Duk wanda ya taɓa rubuta kod da ke magana da wata saba a intanet ya san rubutun nan mai ɓata rai, CERTIFICATE_VERIFY_FAILED, kuma abin da yawancin mutane ke yi shi ne su manna verify=False aiki ya wuce shikenan. Don Allah a bari. TLS, tsarin da ke tsare hirar kod ɗinka da saba, aiki biyu yake maka, yana kulle saƙo yadda mai leƙe ba zai karanta ba, sannan yana tabbatar cewa wanda ke ɗaya gefen shi ne ainihin mai shafin. In ka kashe na biyun da verify=False kamar ka kulle akwati ne ka miƙa makullin ga duk wanda ya ce "nawa ne", wanda ke riƙe da wayfai ɗin da ka hau zai iya tsayawa a tsakiya ya kwashe komai har da fasuwod.

Python na zuwa da laburaren ssl wanda a ƙarƙashinsa OpenSSL ne ke aikin, ba sai ka sauke komai ba. Ga yadda ake farawa:

import ssl, socket
ctx = ssl.create_default_context()
with socket.create_connection(("example.com", 443)) as s:
    with ctx.wrap_socket(s, server_hostname="example.com") as t:
        print(t.version())

Wannan create_default_context ɗin shi ke ɗauko satifiket ɗin hukumomin da kwamfutarka ta yarda da su, wato masu ba shafuka satifiket na shaidar cewa su ne, ya kunna binciken suna, kuma daga Python 3.10 ba ya karɓar abin da ya gaza TLS 1.2. Kar ka manta da server_hostname, da shi ake gwada sunan da ke cikin satifiket, kuma da shi saba ke gane wane shafi kake nema tunda IP ɗaya kan ɗauki shafuka da yawa. In ka ga tsohon darasi yana cewa ssl.wrap_socket kai tsaye, wuce shi, an cire shi a 3.12.

To in kuskuren ya fito fa? Fara da agogo wallahi. Tsofaffin laftof ɗin tokunbo da yawa batirin CMOS ɗinsu mai riƙe agogo ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, sai satifiket mai kyau ya zama kamar lokacinsa bai yi ba. In agogo daidai ne duba ko wa'adin satifiket ɗin ya ƙare, na hukumar Let's Encrypt yawanci kwana 90 ne, mai saba ya manta bai saita sabuntawa ba sai ka gan shi ya faɗi.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne shafi ya buɗe lafiya lau a burauza amma Python ya ƙi. Yawanci mai saba ne ya sa cert.pem maimakon fullchain.pem, wato bai turo satifiket ɗin tsakiya da ke haɗa nasa da na hukuma ba, Chrome na iya nemo shi da kansa amma Python ba ya wannan wahalar. Gwada da:

openssl s_client -connect example.com:443 -servername example.com

ka dubi jerin da ya fito a sama, in guda ɗaya tal ka gani to gyaran a saba yake ba a kod ɗinka ba.

A Mac kuma in daga python.org ka sauke, akwai fayil mai suna Install Certificates.command a cikin foldar Python, danna shi sau biyu ya gudana, sau ɗaya kawai ake yi. Ko ka sa certifi, wanda ke ɗauke da jerin hukumomin da Mozilla ta amince da su, ka ce create_default_context(cafile=certifi.where()).

In kuwa sabar cikin ofis ce da ku kuka yi mata satifiket da kanku, nemi fayil ɗin hukumar taku wajen mai kula da sabar ka loda shi da ctx.load_verify_locations("ca.pem"), a laburaren requests kuma sai ka rubuta verify="ca.pem". Amma karɓo fayil ɗin hannu da hannu ko ta hanyar da ka aminta da ita, kar ka sauko shi daga sabar da kake ƙoƙarin tantancewa.