Yadda Ake Gane Kayan Yajin da Aka Haska da Radiyeshan

Ɗan kasuwar da ke tara citta, barkono ko masoro a Dawanau domin fitarwa waje, da mai shigo da garin kori yana sayarwa a kasuwar Singa, duka suna bukatar sanin ko an haska kayansu da radiyeshan domin kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta. Tarayyar Turai, bisa dokarta ta 1999, ta yarda a haska busassun ganyaye da kayan yaji har kilogire 10 (kilogire ma'auni ne na yawan radiyeshan da kaya suka sha), da sharaɗin a rubuta haka a jikin kaya. Amurka kuwa ta yarda har 30.

A fara da duba kwali ko buhu, a nemi alamar Radura, wato koriyar da'ira mai hoton tsiro a tsakiya, sannan a tambayi dila takardar shaida. Rashin alamar ba hujja ba ce, domin kayan da aka juye aka auna da mudu sun rabu da takardarsu tuni.

Ido da hanci da harshe ba za su raba gardama ba. Na'urar auna radiyeshan ma ɓata lokaci ce, saboda hasken gamma na sinadarin kobalt-60 da akan haska kaya da shi ratsa kayan yake yi ya wuce, ba ya barin su suna fitar da komai.

Shaidar tana cikin ƙura da ɓurɓushin yashin da ke manne da kayan, domin waɗannan ma'adanai suna riƙe wani ɓangare na ƙarfin hasken. A ɗakin bincike ana fara gwajin PSL, inda ake dallara wa samfurin hasken infrared, wanda ido ba ya gani, na'ura ta ƙirga ɗan hasken da ya mayar: idan ƙirgen bai kai 700 a daƙiƙa 60 ba, galibi ba a haska shi ba; idan ya haura 5,000, akwai alamar an haska. Abin da ya faɗa tsakani sai a kai shi gwajin TL, wanda ya fi wahala amma a ganina shi ne abin dogaro idan ciniki babba ne. A nan ana ware yashin, a gasa shi sannu a hankali ana auna haskensa, a sake haska shi da kilogire 1, a sake gasawa, sannan a kwatanta awon farko da na biyu. Idan na farko ya wuce kashi 1 cikin 10 na biyun, kuma ya fi ƙarfi lokacin da zafi ke tsakanin digiri 150 da 250 a ma'aunin Salshiyas, an haska kayan.

Wajen ɗibar samfuri ne mai kaya yake da hannu. A ɗebo daga tsakiyar buhu, kada a tankaɗe ko a wanke, kada kuma a shanya, domin rana tana goge alamar da PSL ke nema. A ƙulle shi a baƙar leda, kowane buhu da tasa, a rubuta masa lamba kafin a aika.