Yadda za ka dogara ga Allah lokacin jaraba

Ɗan'uwa, in jaraba ta zo kada ka ce da ƙarfinka za ka yi, ba za ka iya ba. Da asuba kafin ka taɓa waya, ka fara addu'a, ka faɗi zunubin da sunansa, 1 Yohanna 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu zai gafarta mana. Sannan ka guji wurin da kake faɗuwa, in majalisar shaye-shaye ce a Tudun Wada ko Angwan Rukuba to canza hanya kawai, Yusufu na Littafi Mai Tsarki ma gudu ya yi da matar maigidansa ta jarabce shi. Ka nemi fasto ko dattijo a ikilisiya wanda zai riƙa tambayarka tsakani da Allah. Ranar da babu kuɗi, ga haya ga kuɗin makaranta, karanta Zabura 121 da ƙarfi.