Yadda Ake Taka Sawu Daga Grütschalp Zuwa Gimmelwald a Tsaunukan Suwizalan

Duk wanda ya ce mini zai je Suwizalan kuma yana da yini guda a hannu, hanya ɗaya nake nuna masa: ta ƙauyukan da ke saman kwarin Lauterbrunnen, a yankin Bern. Sau uku na bi ta, biyu a watan Yuli, ɗaya a Satumba. Ba hawan dutse ba ne irin na masu igiya da ƙugiya. Tafiya ce ta mai ƙafa biyu da takalmi mai kama ƙasa.

Ka yi sammako. Jirgin ƙasa daga tashar Interlaken Ost yana kai ka Lauterbrunnen cikin minti 20 ko makamancin haka, amma ka duba rubutun jikin tarago kafin ka shiga, domin jirgin yana rabuwa biyu a Zweilütschinen, rabi ya nufi Grindelwald. Da ka sauka, tsallaka titi ka shiga motar igiya, wato mai tafiya a rataye a sama, da ke hawa Grütschalp. A can akwai ɗan ƙaramin jirgi mai zuwa Mürren, yawancin mutane shi suke rububin shiga. Kai ƙyale shi ya wuce. Hanyar ƙafa tana gefen layin dogon, kusan shimfiɗaɗɗiya ce, awa ɗaya da rabi ta ishe ka. A tsallaken kwarin kuwa manyan tsaunuka uku ne suke rakiyarka: Eiger, Mönch, da Jungfrau mai tsayin mita 4,158, kawunansu fari fat ko a tsakiyar Yuli.

Allunan hanya ruwan ɗorawa ne, kuma ba nisan wuri suke faɗa ba, lokacin da za ka ci kafin ka isa suke rubutawa. Hanyar da alamarta ruwan ɗorawa ce zalla ta kowa ce. Mai fari da ja da fari ta masu takalmin dutse ce. Mai fari da shuɗi da fari, kada ka taka ta sai da gwani. Ka saka rigar ruwa da rigar sanyi a jaka ko da gari ya waye garau, saboda hadari yakan haɗu da la'asar ba sallama. Lambar wayar masu ceto da jirgin sama 1414 ce.

Mürren, a tsayin mita 1,600 da ɗoriya, babu titin mota na kowa da kowa da ya haɗa ta da ƙasa. Ka huta, ka cika gorarka a famfon da ke zuba cikin komin katako. Ruwan sha ne, sai fa inda ka ga an rubuta Kein Trinkwasser. Amma kada ka ƙarar da yininka a nan, otal-otal da kantuna sun yi mata yawa. Gangara Gimmelwald, tafiyar kamar minti 40.

Gimmelwald ce ta kama zuciyata. Mutanenta ɗari da 'yan kai ne, gidajensu na katako rana ta ƙona su sun yi baƙi, itacen wuta a jere ƙarƙashin rufi tamkar an auna da igiya. Kakannin mutanen wannan gefe sun ƙetaro ne daga kwarin Lötschental shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suna neman makiyaya. Ka rage sauri a nan, ka duba ƙananan ɗakunan ajiya da aka ɗaga bisa ƙafafu don kada danshi da ɓeraye su kai ga abin da ke ciki. Ranar da na fara ganinsu tsayawa na yi cak, don rumbun gidan kakana ne ya faɗo mini, shi ma a kan duwatsu yake zaune saboda dalili guda.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: koren filin da ke jan idonka gona ce. Ciyawar ita ce ingiricin da shanu za su ci tsawon watannin da dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. A gangaren da inji ba ya iya tsayawa, na ga dattijo da jikokinsa suna tara ta da manjagara, gumi na tsiyaya. Wanda ya kutsa ciki don hoto ya tattake musu abincin dabbobi. Ka tsaya a kan turba. Ƙofar shinge da ka buɗe ka mayar da ita, kuma siririyar wayar nan da ke kewaye da makiyaya akwai lantarki a jikinta. Saniya mai maraƙi, ka ba ta hanya ko da ta yi kama da mai haƙuri.

Wajen watan Yuni ake kora shanu zuwa makiyayar sama, can ake tatsa ana yin cuku, a Satumba su sauko da ƙararrawa a wuya da furanni a ka. Wanda ya tashi kusa da rugar Fulani ba sai an yi masa bayanin wannan kai da komo ba. Cukun da ya fito daga can ana kiransa Alpkäse, kuma za ka same shi a firij a ƙofar gidan manomi, babu mai tsaro. An rubuta farashi, ga gwangwanin kuɗi a gefe. Ka zo da canjin faran, kuɗin Suwizalan, ka ajiye daidai. Busasshen nama da sosej da ke kusa da shi galibi akwai alade a ciki, ni cuku da burodi kawai nake ɗauka. Duk wanda ka yi kiciɓis da shi a hanya ka ce masa Grüessech, gaisuwar mutanen Bern ke nan, za su amsa.

Daga Gimmelwald motar igiya tana sauke ka Stechelberg a 'yan mintoci. In ƙafarka ta gaji, ga bas ruwan ɗorawa zuwa Lauterbrunnen. In da sauran ƙarfi, bi gefen kogi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. An ce magangaran ruwa 72 ne a kwarin. Na ƙarshen da za ka tarar, dab da gari, shi ne Staubbach: ruwan yana faɗowa daga kusan mita 300, iska na watsa shi tun kafin ya iso ƙasa, har feshinsa ya taɓa fuskarka in ka matsa kusa.