Masu garka, ga dabarar rage tsutsa

Salama alaikum ƴan uwa manoman garka na Yamai.

Bayan magariba ku rataya fitilar sola bisa robar ruwa, ku zuba ɗan omo a ciki. Ku aje ta gefen garka, nesa da shuka kaɗan.

Tsutsar da ke cinye ganyen zogala da mai huda tumati, uwarsu faɗa-wuta ce. Da dare take yawo tana saka ƙwai bisa ganye. In ta ga haske sai ta yi ta zagaya shi har ta faɗa ruwa, omo ya jiƙe mata fiffike, ba ta iya tashi. Kuɗin magani ya ragu.

Amma don Allah ku lura da wani babban faɗa-wuta, kore mai ratsin ruwan hoda, mai dogon baki da yake naɗewa. Ruwan fure yake sha. Irinsa ne ke kai garin fure tsakanin itatuwan gwanda har su yi ƴaƴa. In kun tarar da shi da rai, ku fidda shi.

Daren farin wata tarkon ba ya kamu sosai. Tsutsar da ta riga ta ƙyanƙyashe kuma, sai tsinta da hannu ko feshin ruwan ƴaƴan bedi.