Yadda ake ɗaura wa taya sarƙa kafin hawa duwatsun Sierra

Ƴan uwa mazauna Kalifoniya, in kun ga ruwa na tsugawa kamar da bakin ƙwarya a San Francisco tsakanin Disamba da Maris to can saman Sierra Nevada ƙanƙara ce ke zuba, kuma a titin I-80 mai zuwa birnin Reno ma'aikatan Caltrans, wato hukumar kula da titunan Kalifoniya, na iya maido ka baya in ba sarƙa a motarka.

Tun daga gida ka duba lambar da ke jikin tayarka ka sayi sarƙa daidai ita, ka gwada ɗaurawa a gareji, don wallahi a kan dutse yatsu ƙagewa suke ka kasa kama ƙugiya. Ka tafi da safar hannu da tocila.

In ka iso inda aka sa alamar a ɗaura sarƙa sai ka faka a gefe, ka ja birkin hannu. Tayoyin da ke jan motar ake sa wa, gaba ko baya ya danganta da motarka, nan ne da yawa ke kwafsawa.

Shimfiɗa sarƙar a ƙasa ka warware ta, ɗora ta saman taya, ka fara maƙala ƙugiyar ciki sannan ta waje. Ka ɗan matsa gaba kaɗan ka sauko ka ƙara ɗaure ta tamau saboda takan saki.

Gudu kar ya wuce mil 25 zuwa 30 a awa, da kwalta ta bayyana ka tsaya ka cire, in ba haka ba tayar za ta lalace.