Kurakuran da ma'aikatan lafiya suka fi yi bayan allurar rigakafi

A asibitocin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ba wuya ka ji nas ko ungozoma ta ce, "Ai na yi rigakafi, ba abin da zai same ni." Daga nan yawancin kurakuran suke farawa.

Ɗauki ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi addabar mai taɓa jini. Allurarsa uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Da yawa sukan tsaya a ta biyu, aiki ya sha kansu. Wanda lokaci ya wuce shi ba sai ya koma farko ba, ya je ya karɓi wadda ta rage. Kuma sai a 2005 Kamaru ta sa wannan allura cikin rigakafin jarirai, saboda haka wanda ya girmi shekarar kada ya dogara da katin yarinta.

Cika ukun ma bai isa shaida ba. Wata 1 zuwa 2 bayan ta ƙarshe a auna anti-HBs, sinadarin garkuwar da jini ya samar. In ya kai 10 mIU/mL, an samu kariya. Mutum 5 zuwa 10 cikin 100 jikinsu ba ya amsawa, sai an maimaita musu allurar. A nan ya kamata a haɗa da gwajin HBsAg, mai nuna ko ƙwayar cutar tana cikin jini, don wani tun yana yaro yake ɗauke da cutar bai sani ba, allura kuwa ba ta fitar da ita. A ganina wannan awon ne aka fi wasa da shi, wai don kuɗinsa.

Akwai kuma masu tsorata in bayan shekaru awon anti-HBs ya sauka. In dai ya taɓa kai 10 kuma garkuwar mutum lafiya take, jiki bai manta ba.

Korona daban take. Da nau'inta mai suna Omicron ya ɓullo a ƙarshen 2021, masu rigakafi da dama sun kamu. Allurar ta fi ƙarfi wajen hana ciwon tsananta, ba hana kamuwa ba. Mai tari da zazzaɓi ya yi gwaji, ya sa takunkumi, kada ya shiga ɗakin marasa lafiya yana cewa mura ce.

In allurar majiyyaci ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa, kada ka matse, kada ka zuba ruwan javel. Faɗa wa shugaban sashe nan take, domin maganin kariya daga HIV ba a fara shi bayan awa 72.