Darasi na 9: Yadda Busa Take, da Koyon Sarewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya san ana jin kakaki da algaita tun kafin a hango lemar Sarki. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kawo al'adar busa kakaki a fada. To amma kakaki na sarauta ne, kuma yawanci gadonsa ake yi. Mu sarewa za mu ɗauka, wadda makiyayi yake busawa a bayan shanunsa, don ita kowa yana iya koyonta.

Daga ina sautin yake fitowa?

Iskar da ke cikin bututun abin busa ce take karkarwa, karkarwar nan ita kunne yake ji. Aikin mabushi shi ne ya tayar da ita. Mai kakaki da mai ƙaho da leɓɓansu suke tayar da ita, su matse su, su hura. Algaita kuwa tana da ɗan harshe mai leɓe biyu a bakinta, shi yake kaɗawa. Idan kun ga kumatun mai algaita sun kumbura, iska ya tara a ciki. Yana turo ta da kumatu yana kuma shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busarsa ba ta yankewa. Sarewa ba ta da harshe. Iskar bakinka ce take bugun gefen bakinta ta rabu biyu, sai sauti ya tashi.

Ku gwada yanzu. Kowa ya ɗauki kwalbar lemo wadda ba komai a ciki, ya ɗora ta a ƙarƙashin leɓensa na ƙasa, ya hura iska ta ratsa saman bakin kwalbar. Za ku ji murya mai kauri. Ku zuba ruwa zuwa rabi, ku sake hurawa. Murya ta zama siririya, ko? Ruwa ya rage wa iska wuri. Iska mai tsawo murya mai kauri take bayarwa, gajeriya kuma siririyar murya.

Aikin ramukan sarewa ke nan. Idan ka toshe su duka, iska tana kaɗawa a tsawon sarewar gaba ɗaya. Ka ɗaga yatsan ƙasa, kamar ka gutsure sarewar ne daga wannan ramin, sai murya ta hau. Kakaki ba shi da rami ko ɗaya, shi ya sa muryoyinsa kaɗan ne, da matse leɓe da ƙarfin numfashi ake sauya su.

Haɗa taka

A ƙauye da kara ko gora ake yi. A cikin birni, bututun roba na saka wayar lantarki ya wadatar, ana samunsa a shagunan kayan gini. Yanki kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ka kankare gefen baki ɗaya da wuƙa ya ɗan yi kaifi. Ka ƙona ƙusa, ka huda ramuka huɗu a rabin ƙasa, tazararsu daidai inda yatsunka za su sauka ba wahala.

Wuyar tana ga leɓe. Masu koyo da yawa sukan cusa sarewa a baki su hura iya ƙarfinsu, sai dai a ji fuuu. Karkata ta za ka yi gefe kaɗan, ka tsuke baki irin na mai fito, ka saki iska siririya a kan gefen mai kaifi. Ka riƙa juya ta a hankali har sauti ya kama. Kada ka taɓa ramuka tukuna. In jiri ya ɗebe ka, ka huta, iska ce ka zubar da yawa. Kuma don Allah a bar busa lokacin sallah da tsakar dare, kada maƙwabta su kai ƙararmu wurin mai unguwa.

Aikin gida: ka rubuta sunayen kayan busa huɗu da aka ambata, da abin da yake tayar da iska a kowanne. Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da sarewarsa, murya ɗaya tak muke so mu ji, ramuka a buɗe.